Maɓallin Mayar da Jiya

Yammacin da abin ya fara ba shi da wata alama da za ta sa mutum ya tsargu. Rana ta sauka bayan tankin ruwan maƙwabta, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, kayan shanya sun bushe a kan igiya ba wanda ya kwashe. A falo, kusa da taga, uwa da 'ya suna zaune gaban wata tsohuwar kwamfuta da aka ara musu daga ofis.

Uwar ita ce ake kira Sakatariya a layin. Shekara ashirin da shida tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin motocin haya, har yatsunta suka fi idonta sanin haruffa. A watan nan aka ɗauke tafiretar aka kai sito, aka ce kowa ya koma kwamfuta. 'Yar kuwa Auta ce, shekararta goma sha tara. Ita kaɗai ta rage a gidan, kuma ita ce malamar.

Maigidan ya rasu wata bakwai da suka wuce. Da safe ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Sakatariya tana ɗaura ɗankwali ta ce ya sha ruwan ɗumi ya kwanta, ta fita don kada ta makara. Auta ce ta kai masa ruwan, ita ce ta buɗe ƙofar ɗakin ta same shi. Da Sakatariya ta dawo sai ta tarar da takalman mutane a ƙofa. Tun ranar ba ta yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, hawayen ne kawai bai zo ba. Takan ci abinci ba ta ji gishirinsa ba, ta je aiki, ta dawo, ta zauna a dokin ƙofa tana kallon inda babur ɗinsa yake tsayawa a da, har a kira sallar magariba.

"Umma, a hankali mana," in ji Auta. "Ba ƙusa kike kafawa ba. Taɓawa ake yi."

"Ina bugawa tun ba a yi tunanin haihuwarki ba."

"Shi ya sa tebur yake rawa."

Da layi ya kai ƙarshe, hannun hagun Sakatariya ya tashi da kansa zai ture ƙarfen tafireta, ya mari iska. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Sakatariya ta dubi hannun nata kamar na wani ne, ta mayar da shi kan cinya.

Auta ta yanko bayan kwalin sabulu ta rubuta mata darasin, ta manna a gefen tebur. Akwai maɓalli a kusurwar ƙasa, sunansa kwantirol, ana danne shi da ƙaramin yatsa kada a saki. In aka haɗa shi da C, an kwafi rubutu. Da V, an manna shi a wani wuri. Da X, an yanke shi.

"S kuwa shi ne ranki, Umma. Takarda in kin buga ta zauna ke nan. Wannan in ba ki adana ba, wuta na ɗaukewa kin yi aikin banza."

Sakatariya ta gwada. Yatsanta ya zame daga S ya taka A, rubutun duka ya lulluɓe da shuɗi, ta sake taɓa wani harafi, sai shafin gaba ɗaya ya share. Aikin awa guda. Ta zuba wa farin allon ido, fuskarta ba ta canja ba.

"Ya tafi," ta ce.

"Ina za shi?" Auta ta miƙo hannu ta danna kwantirol da Z. Rubutun ya dawo, ko ɗigo bai ɓace ba. "Z baya yake komawa. Abin da ya ɓaci, abin da ya tafi, ki danna ya dawo. Kowace dannawa taki ɗaya. In kin zarce, Y ya dawo da ke gaba. Amma ki riƙe wannan: in kin koma baya kika rubuta wani sabon abu, gaban ya mutu. Y ba zai sake samunsa ba."

Sakatariya ta daɗe tana kallon harafin Z. Auta kuwa daɗin malanta ya ɗebe ta, ta juya wajen ƙofar da take a buɗe, inda duhu ya fara taruwa, ta ɗaga hannu kamar mai talla.

"Darasi kyauta yau! Duk wanda ya yi asara ya matso ya koya!"

"Ke, magariba ce," in ji uwar, amma ba ƙarfi a muryar.

Labulen ƙofa ya kumbura ya shigo ciki, alhali ko ganye ba ya motsi a waje. Sai wani ɗan dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangara a hankali, ya tsaya.

Washegari da magariba duwatsu uku suka faɗo. Rana ta uku Sakatariya ta fito daga alwala, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta, sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas daga falo. Auta ce zaune gaban kwamfutar, allon a kashe, ƙaramin yatsa a kan kwantirol, ɗayan a kan Z, tana dannawa a natse kamar mai jan carbi. Idonta a buɗe, ba ya ƙiftawa. Sai da aka kira ta sau uku ta waiwayo, ta tashi ta ɗora tukunyar da ta riga ta sauke tun la'asar.

Haka aka yi ta yi. Da rana lafiya lau, da magariba jifa da dannawa, kuma kowace safiya Auta takan tashi da wani abu ya ragu a kanta. Ta tambayi sakamakon jarrabawar da ya fito tun da daɗewa. Ta nemi takalmin da ta bayar kyauta. Rana ta bakwai ta jera faranti uku a kan tabarma, ta leƙa ƙofa.

"Umma, Baba bai dawo ba? Ban ji babur ba."

Sakatariya ta dubi faranti na ukun, ta bar shi a inda yake.

A nan ne ta yi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya: kwana uku ta ƙyale abin, ba ta kira kowa ba. Gidan ya farfaɗo. Auta tana waƙa a kicin, tana wanke kofin mahaifinta, tana ƙorafin minsharinsa ya hana ta barci jiya. Sakatariya takan zauna ta saurara, kamar mai jin ɗumin wutar da ba ita ta hura ba. Duk sanda yarinyar ta tambaya, kalmomi biyu sukan zo mata har bakin leɓe: yana hanya. Amma harshenta ya yi nauyi irin na watannin nan. Ba ta ce ya rasu ba, ba ta ce yana hanya ba.

Da ta ga abin bai tsaya a nan ba, sai ta zare allon madannan ta kulle a cikin kwaba. Da magariba ta sami Auta tana danna katakon tebur, yatsun a daidai wurarensu. Rana ta goma sha biyu Auta ta yi ta birkita akwati tana neman kayan firamare. Rana ta goma sha uku ta ɗauki kwalin sabulun da ta rubuta da hannunta, ta juya shi sama da ƙasa, ta kasa karantawa. Duwatsun kuwa da safe akan same su a tsakar gida, ba a warwatse ba, a jere sahu huɗu, kowanne da tazararsa.

Ranar ce yayan Sakatariya, wanda yara suke kira Kawu Direba, ya biyo gaisuwa. Auta tana ganin furfurar gemunsa ta ruga ta ɓuya bayan zanen uwarta, babban yatsa a baki, budurwa mai tsawon uwar tata.

Kawu ya dubi yarinyar, ya dubi duwatsun, ya dubi ƙanwarsa.

"Kwana nawa?"

"Sha uku, Yaya."

"Sha uku! Ke wace irin zuciya gare ki? Ko mota ce ta yi wannan ƙarar ai an kai ta gareji."

Bai jira amsa ba ya fita. Ana gab da magariba ya dawo da wani tsoho ɗan ƙarami, mai gilashi mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Malam ne, ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe bulala. Ya yi salla a tsakar gida, ya tsallake duwatsun bai taka ko ɗaya ba, ya ce a fito da allon madannan a mayar inda yake.

Duhu ya sauko. Kwanon rufi ya fara amsawa. Auta ta saki zanen uwarta, ta je ta zauna, ta ɗora yatsu. Malam ya zauna a ƙasa daura da ita ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Jifan ya ragu, ya tsaya. Yatsun ma suka tsaya, sannan bakin yarinyar ya buɗe. Ba ihu ba, ba gurnani. Muryar tsoho ce da ta gaji, kamar guga ana jan sa a busasshiyar rijiya.

"Ya isa. Ina ji."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci."

"Maƙwabci ba ya shiga sai an ce ya shigo."

"An ce. An ce wanda ya yi asara ya matso."

Malam ya dubi Sakatariya ta saman gilashi. Ta gyaɗa kai.

"Jifan fa?"

"Sallama ce. Ba wanda ya amsa."

"Sallamar da ta huda kwano," Kawu ya faɗa a maƙoshi, yana matsawa kusa da bango.

"A ƙarƙashin dokin ƙofar nan nake," in ji muryar, "tun ba a yi ƙofar ba. Ni da matata. Ta rasu kwana tara bayan mijin wannan. Kullum magariba matar gidan nan takan zauna a dama, ni a hagu. Ba ta kuka, ba na kuka. Wata bakwai muna zaune tare ba ta sani ba. Sai na ji yarinya ta ce akwai abin da ake dannawa wanda ya tafi ya dawo. Ba ni da yatsu irin naku, na ari nata. Ina dannawa kwanaki suna ɓarewa daga jikinta kamar ɓawon albasa. Na ce in na kai ranar da matata ta rasu zan same ta. Na kai, na wuce, ba ta nan. Kwanakin yarinyar ne kawai. Na ce ko in na ƙara ja baya zan same ta."

"Saura nawa a jikin yarinyar?"

"Shekara huɗu."

Malam ya cire gilashin ya goge da bakin riga.

"Ka san in na ci gaba da karatu ba za ka iya zama ba. Amma in na kore ka yanzu, a ina za ka bar ta?"

"Inda take."

Malam ya juya. "Malama, ni ban san akwatin nan ba, ko kunna shi ban iya ba. Ke ce ɗalibar. Nuna masa gaskiyar abin."

Sakatariya ta jawo kujera kusa da 'yarta. Ta kunna, ta buɗe sabon shafi, ta buga: Ruwa ya ƙare a tanki. Ta danne kwantirol ta taɓa Z. Rubutun ya ja baya, ya ja, har shafin ya yi fari. Ta sake dannawa. Ba abin da ya faru. Ta sake, ta sake.

"Ka gani? Iyakarsa ke nan, inda aka buɗe shafin. Abin da ba a nan aka rubuta shi ba, ba ya dawo da shi." Ta ɗauke yatsunta daga madannan. "Ni ma na gwada. Washegarin darasin na zauna a ofis na yi ta dannawa har yatsana ya yi tsami."

Idon Auta ya tsaya kan farin allon.

"To," in ji muryar. "Na yi ɓarna a gidan maƙwabta. Bari in biya da alheri. Zan dawo da ita gaba, in tsaya ana gobe mahaifinta zai rasu. Ke kuma ki ce mata ya yi tafiya. Ba ki taɓa ce mata komai ba, shi ya sa gaban yake nan har yanzu. Kalma ɗaya daga bakinki sabon rubutu ne, gaban ya mutu. Ba za ta taɓa buɗe ƙofar ɗakin can ta same shi ba."

Kawu ya yunƙura zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu. "Ba mu aka tambaya ba."

Sakatariya ta dubi 'yarta. Ta tuna waƙar kicin, da faranti uku, da yadda fuskar yarinyar ta yi haske a kwanakin nan. Amma ta tuna wata Autar kuma, wadda ta riƙa sa mata cokali a hannu a makon farko, wadda ta je ofis da ƙafarta ta roƙi aron kwamfuta, wadda ta koyi dariya daga baya ba tare da kowa ya taya ta ba. Sannan ta dubi dokin ƙofa.

"In na ce ya yi tafiya, za ta yi ta jiran babur har ta tsufa. Na san zaman wurin nan. Kai ma ka sani. Ba zan ba 'yata shi ba." Ta ja numfashi. "Kawo ta har yau."

Ta kama hannun Auta, ta bar ƙaramin yatsa a kan kwantirol, ta ɗage ɗayan daga Z ta kai shi kan Y.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Babban yatsan ɗaya hannun ya fita daga baki. Yarinyar ta fara rera haruffa, ta yi ƙirga, ta kira sunayen ƙawayen da aka manta, ta yi wata dariya ta 'yan shekara sha biyu. Kafaɗunta suka miƙe. Dannawar ta yi sauri kamar yayyafi a kan kwano, sannan ta fara ja, ta fara ja, ta tsaya.

"Ga ranar nan," in ji muryar.

Sakatariya ta ɗora yatsanta a kan na 'yarta, suka danna tare.

"Umma! Umma, Baba ba ya motsi!"

Ihun da ba ta nan aka yi shi ke nan. Wata bakwai yana rataye a gidan yana jiran ta. Ta rungume yarinyar, kujera ta kife, suka zube ƙasa tare.

"Ga ni. Ga ni nan. Yau ban fita ba."

Sai abin da ya daskare a ƙirjinta ya fashe. Ta yi kuka irin wanda ba shi da kyan gani, da majina da shessheƙa, har Kawu Direba ya juya fuska ga bango yana share ido da hula. Hannun Auta kuwa ya miƙa sama da kansa ya lalubo allon, ya ci gaba da dannawa a hankali, sauran watannin suna komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kai yau, muryar ta sake fitowa, ta ƙara yin ƙasa.

"Na cika mata kwanakinta. Ni kuma da me zan tafi?"

Malam ya buɗe baki, amma Sakatariya ta riga shi. Ta share fuska da gefen mayafi, ta tayar da kujerar, ta zauna.

"Faɗi, in buga."

Ya faɗa. Ya ce matarsa tana son ƙanshin katanga in ruwan farko ya taɓa ta. Ya ce ita ce take kawar da allurar da ta faɗi a tsakar gida tun Auta tana rarrafe. Ya ce takan toshe kunne tana dariya in maigidan yana wanke babur yana waƙa, don murya ba ta cikin abin da Allah ya ba shi. Sakatariya ta yi wani sauti, rabi kuka rabi dariya, yatsunta ba su tsaya ba. Ba ta kallon madannan, kuma a karon farko teburin bai yi rawa ba. Shafi ɗaya da rabi ya cika.

Ta danne kwantirol ta taɓa S. Wani ɗan akwati ya fito yana neman suna.

"Sunanta ba ya shiga haruffanku," in ji muryar.

Sai ta buga: Matar maƙwabci.

"In wuta ta ɗauke fa?"

"Yana nan."

"In kun mutu?"

"Wannan kuma," in ji Malam, "sai wurin Wanda ba ya mantuwa. Can ne naka da nata da namu duka suke. Yanzu ka yi alkawari ba za ka sake aron jikin kowa ba, ka fita ta inda ka shiga."

Ya yi alkawari sau uku. Ƙaramin yatsan hagun Auta ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Labulen ƙofa ya kumbura ya fita waje. Can sai ɗan dutse guda ya faɗo kan kwano, a hankali, ya gangara.

"Wa alaikumus salam," Kawu ya amsa da sauri. "A sauka lafiya."

Auta ta farka kanta a kan cinyar uwarta, ana kiran isha'i. Ta dubi baƙon tsoho, ta dubi kawunta, ta dubi kumburarrun idanun uwar, ta daɗe tana kallon su. Ba ta tambayi babur ba. Ta ɗaga hannu ta shafa kuncin da yake jiƙe, ita ma nata idon ya cika.

Washegari da yamma Sakatariya ta share duwatsun ta tara su a gindin katanga. Ta tsaya a dokin ƙofa, ta yi sallama ƙasa-ƙasa ta gefen hagu, amma ba ta zauna ba. Ta shiga falo ta buɗe sabon shafi. Ta daɗe yatsunta suna kan madannai kafin ta buga layin farko: Da safe ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ta ci gaba. Ta rubuta ruwan ɗumin, da ɗankwalin, da takalman ƙofa. Sau biyu yatsanta ya je kan Z ya tsaya, sau biyu ta ɗauke shi ta bar layin yadda yake.

Daga kicin, cikin ƙarar faranti biyu, Auta ta ɗaga murya.

"Umma, wutar nan tana ƙiftawa. Kin adana?"

Sakatariya ta sa ƙaramin yatsa a kusurwa, ta nemo S, ta danna.

"Na adana," ta ce.